Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnatin Jihar Kebbi da masarautunmu huɗu: a ceci tsofaffin katunan gidan waya da wasiƙun talakawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamna, Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora. Masu martaba iyayen ƙasa, Sarkin Gwandu, Sarkin Kabin Argungu, Sarkin Yawuri da Sarkin Zuru, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, muna neman izini mu kawo kukanmu gabanku.

Mu masu wannan takarda 'yan jihar nan ne waɗanda sana'a ko gado ya haɗa da tsohuwar takarda. A cikinmu akwai malaman tarihi, da tsofaffin ma'aikatan gidan waya, da masu ɗaukar hoto, da magadan da suka buɗe adakar mahaifinsu bayan rasuwarsa suka tarar da damin wasiƙu, suka rasa yadda za su yi da shi. Muna kuma magana da yawun waɗanda ba za su iya zuwa fada su faɗi da bakinsu ba, wato mutanen da suka rubuta wasiƙun nan da waɗanda aka rubuta wa, don mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Idan aka ta da zancen kayan tarihi a jihar nan, hankali yakan tafi ga takubba da sulke da tambura da littattafan manyan malamai. Waɗannan sun cancanci duk kulawar da ake ba su, kuma gidan tarihi na Kanta da aka buɗe a tsohuwar fadar Argungu a 1958 shaida ne cewa iyayenmu sun san darajar ajiya. Amma akwai kason da aka bari a hannun Allah kawai: katin gidan waya, da wasiƙar soja, da 'yar takardar da ɗan kasuwa ya aiko wa iyalinsa daga Kurmi. Sulke ƙarfe ne, zai jira wani ƙarni. Takarda kuwa damina ɗaya ta ishe ta.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, katin gidan waya kwali ne ɗan ƙarami, tsawonsa kusan santimita 14, faɗinsa 9, ana aika shi ba ambulan. An fara shi a ƙasar Ostiriya a 1869, Ingila ta bi a 1870, sannan yarjejeniyar gidajen waya da aka ƙulla a birnin Ban na ƙasar Siwizalan a 1874 ta buɗe hanyar da wasiƙa za ta ƙetare iyaka da kan sarki ɗaya. Daga baya aka riƙa buga hoto a fuskarsa. Zamanin da ya fi tashe a duniya, wato farkon ƙarni na ashirin, ya zo daidai da shigowar Turawa ƙasar nan, don Sakkwato ta faɗa hannunsu ne a Maris na 1903. Shi ya sa katunan da suka shafe mu suka kasu gida biyu. Akwai waɗanda jami'an mulki da ma'aikatan kamfanoni da 'yan mishan suka aika gida Turai ɗauke da hotunan garuruwan Arewa, waɗannan suna can waje. Akwai kuma waɗanda 'ya'yanmu suka aiko gida daga wurin nema, waɗannan suna nan cikin adaka da gafaka da ƙarƙashin katifa, galibi a cakuɗe da wasiƙu na ambulan, da rasiɗin haraji, da takardar sallama daga soja. Ba ma raba su a wannan roƙo, don tare aka ajiye su, kuma tare suke ba da ma'ana.

Mai sayen kayan da yakan dubi hoton ne. Mu bayan katin muke dubawa. A fili ɗan kaɗan, wanda bai kai tafin hannu ba, mutum zai fara da "Takarda ta fito daga hannun wane", ya yi gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jera sunayen waɗanda za a gaisar masa, sannan ya faɗi abin da ya sa ya rubuto: ya aiko da sule kaza ta hannun wane, a sayi dame kaza na gero a zuba a rumbu, kada a sayar da saniya sai ya dawo, a gaya masa ko an yi suna da kuma sunan da aka raɗa. Ya rufe da "Haza wasalam". A layi shida an sami farashin hatsi na wata shekara, an sami hanyar da kuɗi ke bi kafin banki ya iso ƙauye, an sami sunayen mata da yara waɗanda ba rahoton Razdan ko na Di'o da ya taɓa ambata. Tun da katin a buɗe yake tafiya, kuma sau da yawa ɗan makaranta ko malamin unguwa ne zai karanta shi a zaure gaban jama'a, mai rubutu yakan sakaya zance. Wannan sakayawar ma darasi ce ga mai nazarin harshe da kunyar Bahaushe.

Adireshi kansa labari ne. Talaka ba shi da akwatin gidan waya, saboda haka ana rubuta masa ta hannun hedimasta, ko magatakardan hakimi, ko akawun kanti, ko sarkin zango. Wanda ya tara adireshi ɗari na gari ɗaya zai ga su wane ne jama'a suka amince wa da sirrinsu a wancan zamani. Salon rubutu kuma yakan nuna ko mai saƙon ne ya rubuta da hannunsa, ko ya biya ɗaya daga cikin masu rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya da kotu. Idan aka ga hannu ɗaya a takardun gidaje daban-daban, to an gano malamin wasiƙa na garin.

Jihar nan kuwa ta masu tafiya ce tun asali. Fataken goro sun bi ta Jega da Yawuri zuwa Gwanja, jikokinsu suka zauna a zangunan Kumasi da Ankara, da yawa kuma suka dawo bayan dokar korar baƙi ta Gana a 1969. Samarin ƙasar Zuru sun cika aikin soja, kuma sojojin Najeriya sun yi Yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasiƙunsu suna zuwa da hatimin jami'in da ke tace saƙo kafin ya fita. Alhazan ƙafa sun bi ta Cadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya suna aikatau. 'Yan ci-rani sun tafi Gusau da Ƙauran Namoda bayan jirgin ƙasa ya isa can a 1929. Gungawa da sauran mazauna bakin Kwara a ƙasar Yawuri an tashe su daga tsofaffin mazaunansu sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968, don haka duk hoto ko wasiƙar da ta ambaci wani tsibiri ko wata tashar jirgin ruwa ta kafin wannan shekara, tana iya zama ita kaɗai ce shaidar wurin da ruwa ya cinye. Kowace irin tafiyar nan ta bar takarda a wani gida.

Kukanmu na farko a kan yanayi da ƙwari ne. Idan danshin iska ya wuce kashi 65 cikin ɗari ya daɗe a haka, fumfuna takan kama takarda, kuma a watan Agusta ɗakin ƙasa ko na siminti marar iska yakan wuce wannan ma'auni. Katin da fuskarsa hoto ne na gaske, wanda aka wanke a ɗakin duhu, yana da wani shafi mai kama da ƙaro a samansa. Da ya sha danshi sai ya yi laushi ya manne da na kusa da shi, in aka ja da ƙarfi fuskar mutum ta biyo bayan ɗayan katin. Hunturu kuma ya zo ya busar da shi farat ɗaya, ya nannaɗe, ya tsattsage. Wannan kumburi da ƙanƙancewa na kowace shekara ya fi zafin bazara ɓarna. Gara tana shiga adakar katako ta ƙasa, ba a sani ba sai an ɗaga murfi an tarar da ƙasa. Kyankyaso yana lasar ƙaron bayan kan sarki da fuskar hoto. Adakar ƙarfe tana hana ɓera, amma in an ajiye ta a daɓe tana tara gumi a ciki, tsatsa ta bi takarda. Ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa ta rushe gidaje a jihar nan an ƙidaya asararta da hekta da buhu, amma ba mai lissafin adaka nawa ta jiƙe. Takardar da ta jiƙe tana da kamar kwana biyu kafin fumfuna ta fito. Abin da ya kamata shi ne a shimfiɗa kowace ɗaya daban a inuwa, fuskar hoto tana sama, iska na kaɗawa. Abin da aka saba yi shi ne a baza su a rana ko a bi su da dutsen guga, sai su ƙone ko su dunƙule.

Na biyu ya fi mana ciwo, don ɓarna ce da ake yi da kyakkyawar niyya. Mutum yana son takardar kakansa, sai ya kai ta shagon kwamfuta a liƙe ta cikin leda da injin zafi. Wannan ledar ba ta ɓarewa sai da fuskar takardar, zafin yana dafa hoton, gam ɗin kuma yana ci gaba da cin tawada a ciki shekara da shekaru. Wanda aka yi wa haka ya tafi ke nan, sai dai a ɗauki hotonsa kafin ya dushe. Salatif da ake ɗinke yagewa da shi yakan bushe ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ya ratsa takardar har baya. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Fil da ƙusar sitefula suna tsatsa su huda wuri. Wasu sukan bi tsohon rubutu da biro don ya fito, sai su binne hannun mai shi. Wasu sukan goge datti da tsumma mai ruwa, ba su san tawadar gawayi da ƙaro da malamanmu ke ajami da ita irin ta allo ce ba, ruwa na taɓa ta za ta wanke. Tawadar bagaruwa da kashin maƙera ba ta wankewa haka, amma ita kuma in ta sha danshi cin takarda take, har harafi ya zama rami. Akwai kuma fensirin nan na akawuna da sojoji wanda in an jiƙa shi yake komawa shuɗi mai ja-ja. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya malala shi ya rufe layi uku. Duk wannan ba laifin jama'a ba ne. Ba a taɓa gaya musu ba.

Na uku, ɓare kan sarki da wargaza dami. Yara da masu tara kan sarki sukan jiƙa kusurwar kati su ɓare shi, su tafi da rabin hatimin gidan waya. Alhali da waɗannan biyun ake gane shekarun takarda. Kan sarkin da aka rubuta wa sunan Najeriya ta Arewa na tsakanin 1900 ne da haɗewar 1914, na farkonsu ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Bayanta Sarki Edwad na Bakwai, sai Joji na Biyar wanda ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936, sai Joji na Shida, sai Sarauniya Elizabet daga 1953 har zuwa 'yancin kai a 1960. In farashin da ke jiki kwabo ne ko taro ko sisi ko sule, to kafin Janairu na 1973 ne, lokacin da naira da kobo suka shigo. In bayan katin adireshi kaɗai aka bar wa wuri, saƙo yana matse a gefen hoto, to tsohon salo ne, don Ingila ta yarda a raba bayan kati gida biyu a 1902, sauran duniya kuma zuwa 1907. Adireshin da ya ce Lardin Sakkwato ya girmi wanda ya ce Jihar Arewa maso Yamma ta 1967, shi kuma ya girmi Jihar Sakkwato ta 1976 da Jihar Kebbi ta 1991. In da shekarar Hijira aka rubuta, a cire uku daga kowane ɗari a ƙara 622, misali 1370 ta faɗo tsakanin 1950 da 1951. Sai dai a kula, kan sarki yana nuna farkon lokacin da katin zai iya fita ne kawai, don ana ci gaba da amfani da tsoho bayan sabo ya fito, hoton fuska kuma yana iya girmar saƙon baya da shekara goma ko fiye, tun da masu bugawa suna maimaita hoto ɗaya. Hatimin gidan waya mai sunan gari da kwanan wata shi ne alƙali. In kati ya sami hatimi biyu, na tashi da na isowa, an san kwana nawa saƙo ke yi a hanya a wancan zamani.

Wargaza dami kuwa wurin rabon gado yake faruwa. Gona da gida da dabbobi ana kiran malami ya raba, takardu kuma kowa ya ɗebi abin da hannunsa ya kai, ko a bar wa yara, ko su ƙare a hannun mai ƙosai. Wasiƙa ɗaya tilo ba ta faɗin abu da yawa. Wasiƙu arba'in na mutum ɗaya a jere suna ba da rayuwarsa. Masu yawon sayen kayan da su ma sukan zaɓi masu kyan hoto su biya abin da bai taka kara ya karya ba, su bar saura, kuma abin da ya fita ta wannan hanya ba ya dawowa da sunan gidan da ya fito.

Na huɗu, masu karantawa suna ƙarewa. Ajamin wasiƙa ba irin na littafi ba ne. Sau da yawa ba wasali, kowane malami da yadda yake rubuta sautukan da Larabci ba shi da su, ga Hausar Kabi da ta Sakkwato da kalmominta, ga sunayen Zabarmawa da Fulani da Dakarkari da Kambari da aka rubuta yadda kunne ya ji. Dattijon da zai dubi hoto ya ce wannan ƙofar gari kaza ce, an rushe ta zamanin sarki wane, ko ya ji laƙabi a wasiƙa ya ce ai kakan su wane ne, yau ya haura tamanin. Na'ura za ta jira kasafin baɗi, shi ba lalle ya jira ba.

Na biyar gajere ne. Katunan da Turawa suka aika gida ana cinikinsu yau a kasuwannin intanet irin su eBay da Delcampe. Bayanin da aka buga ƙarƙashin hotunan yakan zo da kuskuren sunan gari, wani lokaci da kalaman raini, mutanen da ke ciki kuma ba suna. Mu ne za mu iya gyara wannan bayani, amma sai hoton ya zo gabanmu.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon gwamnati ta ware ɗaki ɗaya a kowace masarauta, da layi na dindindin a kasafin ma'aikatar da ke kula da al'adu, ko da kaɗan ne, don aikin shekara-shekara ne. Ba sabon gini muke nema ba. Ɗakin ya kasance na ciki, rufinsa ba ya yoyo, ba famfo ko banɗaki a jikin bangonsa, tagoginsa da raga da labule. A sa kabad na ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa aƙalla santimita 15, a janye shi daga bango tafin hannu guda don a riƙa ganin hanyar gara. A rataye ma'aunin zafi da danshi, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma a littafi. Abin nema shi ne danshi ya tsaya tsakanin kashi 30 da 50. Ba mu ba da shawarar na'urar sanyaya ɗaki in ba wuta tsayayya, don kunnawa da kashewa na sa takarda gumi, ya fi rashinta illa. Gara a zuba katunan cikin akwati mai rufuwa ruf tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin magani da na takalmi, a riƙa busar da su ana mayarwa. Kowane kati a sa shi a aljihunsa na takarda marar asid, ko na leda irin ta foliyesta ko folifirofilin. Ledar PVC mai warin roba ba ta yi ba, jarida da kwalin kanti su ma suna sa takarda ta yi ja. A jera su a tsaye bisa dogon gefensu, ba a danne ba, ba kuma sakwaf yadda za su lanƙwashe ba. Duk damin da ya shigo a keɓe shi mako biyu kafin ya shiga ɗakin. In an ga alamar ƙwaro, a rufe shi cikin leda biyu a matse iska, a sa a firiza mai kaiwa digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda, in an fitar kuma kada a buɗe sai bayan yini da kwana, don raɓar ta sauka a bayan leda. Fumfuna a bari ta bushe, a share ta a waje da buroshi mai laushi, mai sharewa yana sanye da takunkumi. Maganin feshi kada ya taɓa takarda.

Muna roƙon a kafa ayari mai yawo na mutum huɗu ga kowace masarauta: mai ɗaukar hoto, mai rubuta bayani, mai karanta ajami, da wakilin hakimi. Kayan aikinsu sikana ɗaya mai shimfiɗa, kwamfutar tafi-da-gidanka, batir mai cajin rana, rula, fensir mai laushi, gilashin ƙara girma mai ninki goma, da na'urar ɗaukar murya. Da gilashin ake bambance hoto na gaske, wanda ba shi da ɗigo, da bugun inji mai ɗigo-ɗigo a jere, kuma wannan ne ke nuna irin riƙon da za a yi wa katin. A ɗauki kowane kati gaba da baya, da launi, a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, a ajiye a tsarin TIFF, wato irin fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci, har da gefunansa, rula na kusa. Fuska ɗaya takan ci kusan megabait 21, kati ɗaya 42, ke nan ma'ajiyar terabait ɗaya za ta ɗauki kati sama da dubu ashirin. A yi kwafi uku, biyu a garuruwa daban, ɗaya a intanet. Kowane kati a ba shi lamba mai nuna masarauta da gari da gida da matsayinsa a dami, a rubuta lambar da fensir a jikin aljihun, ba a jikin katin ba. Kada a sake jeren da aka tarar, don yadda mai shi ya jera su ma shaida ce. A rajista a rubuta wanda ya aiko, wanda aka aika wa, ta hannun wa, daga ina zuwa ina, hatimi, kan sarki, harshe da irin rubutu, sannan a kwafe saƙon harafi da harafi ba gyaran kuskure, fassara ko sharhi su zo daban. A nan take a zaunar da dattijon gidan a ɗauki muryarsa yana bayanin sunayen. In an bar wannan sai an koma ofis, ba za a yi shi ba.

Sharaɗin da muka fi nanatawa shi ne asalin takarda ya zauna a hannun masu ita. A ɗauki hoto a gabansu, a mayar musu cikin aljihu mai kyau, a ba su kwafi a wayarsu. Wanda ya ga dama ya ba da ajiya ko kyauta, a ba shi rasiɗi mai lamba da sa hannun shaidu biyu. Mutanenmu suna tsoron abin da ya shiga ofis ba ya fitowa, kuma in aka karɓe na gida ɗaya ba a mayar ba, sauran gidajen garin za su rufe adakarsu. Wasiƙa kuma tana ɗauke da bashi, da saki, da ciwo, da rikicin gona, wani lokaci har da zancen asali wanda zai iya ɓata aure a yau. Saboda haka a yi takardar yarda da Hausa, boko da ajami, a karanta wa mai gida, ya zaɓa: a buɗe wa kowa, ko a buɗe wa masu bincike kaɗai, ko a rufe sunaye, ko a kulle har shekara kaza. A sa mace a cikin ayarin ko a tafi da ita, don da yawa daga cikin damin nan a ɗakin tsofaffin mata suke, a ƙasan kwalla, kuma namiji baƙo ba ya shiga can.

Ga iyayenmu sarakuna, roƙonmu kalma ce daga bakinku. In sanarwa ta bi ta hakimai zuwa dagatai da masu unguwanni, limamai suka maimaita bayan sallar Juma'a, rediyon jiha ya ɗauka, cikin wata ɗaya kowane gida zai ji abu huɗu: kada a liƙe tsohuwar takarda da injin leda, kada a sa mata salatif, kada a ɓare kan sarki, a ɗaga adaka daga ƙasa. Wannan kaɗai, ba tare da an kashe ko kwabo ba, zai tsare fiye da abin da ayarin zai iya kaiwa gare shi a shekarar farko. Muna kuma roƙon ku ja hankalin alƙalai da malamai masu raba gado, su riƙa tambayar takardun mamaci, su shawarci magada su bar su dunƙule a hannun amintacce ɗaya, kowa ya karɓi kwafi. Da za a fara aikin da tsofaffin wasiƙu da hotunan da ke fadojinku, da talaka ya saki jiki.

Horarwa ba sai an je nesa ba. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato duk sun daɗe suna riƙon tsohuwar takarda da ajami. A tura mutum takwas su yi wata guda, su dawo su koyar. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na jami'ar jiha da ke Aliero za su iya ɗaukar kwafe saƙonni a matsayin aikin kammala karatu, ƙarƙashin malamin ajami. Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari tun 2004, amma mai nema sai ya nuna abin da ke akwai, don haka rajistar gwaji ta gari biyu ko uku ita ce matakin farko.

Muna roƙon gwamnati ta rubuta wa hukumar gidan waya ta ƙasa, wadda ta gaji tsohuwar ma'aikatar waya da tangaraho a 1985, a nemi izinin ɗaukar hoton tsofaffin hatimai da littattafan rajista da jerin masu akwati na ofisoshin jihar nan, a kuma ɗauki muryar tsofaffin ma'aikata da masinjoji. A ware wani ɗan kuɗi a hannun mutum ɗaya da aka sani, mai bin kasuwannin intanet yana sayen katunan da suka shafi garuruwanmu, da sharaɗin kowane saye ya shiga rajista da rasiɗinsa.

Idan an tara abin nunawa, wurinsa a shirye yake. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake kai farkonsa ga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, yana tara jama'ar da ba wani taro ke tarawa ba. A buga kwafi manya, gaba da baya, a kafa a rumfa kusa da kogin Matan Fada, a ajiye littafi da mai rubutu, duk wanda ya gane fuska ko wuri ya faɗa a rubuta. Asalin katunan kada su fita rana, don haske yana dusar da hoto kuma abin da ya dushe ba ya dawowa.

Lokacin aikin yawo daga Nuwamba ne zuwa Maris, bayan an kai amfanin gona gida, hanyoyin fadama sun bushe, mutane suna zaure. Don a cim ma wannan, sai an sayi kaya an yi horo tun cikin damina, sanarwar iyayen ƙasa kuma ta riga saukar ruwan farko. Muna roƙon a sa mana rana a Birnin Kebbi, mu zo da samfurin katunan da suka tsira da waɗanda suka lalace, da jerin kayan aiki da farashinsu, mu shimfiɗa a gaban wanda kuka wakilta.

Allah ya ja zamaninku, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Haza wasalam.

Daga 'ya'yanku, masu kula da tsofaffin takardu a Jihar Kebbi.